Na Kai Dije Korgom Ta Sayar da Akuyarta

Tun da na dawo daga ƙasar Tasawa ban huta da tambaya ba. A lakwal, wato makaranta, abokan aikina su tare ni a ƙofar aji, a unguwa masu shan shayi su kira ni. Tambayar guda ce: me ya kai malamin lissafi ƙauye a irin wannan shekara, kuma don me ya dawo da akuya ɗaure bisa mota? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ga shi kowa yana ƙara nasa. Har na ji an ce gado na ciwo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, iyakar abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kuma wuraren suna da yawa.

Surukata, uwar matata Mariyama, tana zaune wani ƙauye kudu da Korgom, dab da iyakar Najeriya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, saboda iyakar a rufe take, mutanen garin kuwa ban ga alamar an sanar da su ba. Sunan surukar tawa ma ba zan rubuta ba, ban taɓa faɗinsa ba. Inna muke ce mata.

Inna tana da wata al'ada da jikokinta. Duk wanda aka kai mata yaye, takan ware masa ƴar kaza ta ce tasa ce. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a sayi ƴar akuya. Inna ke kiwo, ita ke shan nono. Amma da zarar yaro ya isa aike, ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a musanyawa, sai shi ya zo da ƙafarsa ya riƙe igiya a kasuwa ya yi ciniki da bakinsa. Haka take koya musu kuɗi. A wurinta kuɗin da ba shi da ƙafa huɗu ɗan baƙo ne, ba ya kwana.

Ni ba haka aka rene ni ba. Mahaifina akawu ne a nan Maraɗi, asusu na ƙasa ya saya mana, ba a fasawa sai salla. Da na haifi nawa na ƙara gaba kaɗan. Ɗiyata ta biyu, Dije, wadda ke shekara tara, na sha zaunar da ita in yi mata bayanin tattali. Har gidan waya na kai ta ta ga inda ake ajiyar kuɗi. Ta leƙa taga, ta ga ma'aikacin yana gyangyaɗi, ta tambaye ni da ƙarfi ko wannan ne zai tsare mana. Ban sake kai ta ba.

To, sai ga wannan shekara. Ba na so in ce yunwa ake yi, don a rediyo ban ji an ce haka ba. Ƙarancin abinci ake cewa, ni ma shi zan ce. Mun aika wa Inna kuɗi ta hannun wani direba, kuɗin suka dawo ƙulle cikin tsumman da na ɗaure su. Ina jin laifina ne, don na ce wa direban ya ce mata taimako ne. Ta ce a gaya wa mai aiken ba ta aurar da ɗiyarta don suruki ya ciyar da ita ba, kuma ba ta shiga layin rabon abinci ba tukuna.

Bayan haka wani saƙo ya zo: Inna ta ce a kawo mata mai akuya. Ni na ɗauka marmarin jika ne. Mariyama, da take cikin jego ba ta iya tafiya, ta ajiye jinjiri ta dube ni.

“Kai da ka yi jami'a ba ka ji abin da aka ce ba? Ba ta da abin da za ta ba akuyar, kuma ba za ta sayar ba tunda ba tata ba ce. Na san uwata. Abin da za ta ci shi take ba dabbar nan.”

Wannan shi ne dalilin tafiyar. Tsohuwa tana ƙarewa a kan akuyar da ba ta da ikon sayarwa, ni kuma ba ni da ikon in miƙa mata ko tiya ɗaya ta hatsi.

Ma'aikacin gwamnati ba ya barin gari haka nan a zamanin nan, don haka na nemi izini na samu. Na haɗa duk takardar da na taɓa mallaka, har da ta rigakafi. Kuɗin nan da aka maido na sa aka ɗinke mani cikin ƙugun wando, ko Allah zai kawo hanya. Na so in ɗauki hatsi, aka ce mani fitar da shi daga gari sai da izini na dabam, wasu suka ce ba haka ba ne. Da na ga magana ta rabu biyu sai na bi wadda ba ta kai mutum gaban soja.

A tasha muka sami wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Kusa da mu wani dattijo ne mai sayar da kanwa, mutumin wajen Sarkin Hausa a ƙasar Mayahi. Da ya ji abin da ya fito da mu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

“Kaza! Akuya! Wannan duk shagwaɓa yara ne. Ni in ɗana ya isa, dala nake ba shi in ce ya ɓoye. In ya ɓoye sai in sace.”

Na ce, “To, Baba, me ya koya ke nan?”

“Wanda ya yi kuka ya yi rabin karatu. Wanda ya gane ni ne ɓarawon ya sauke.”

“In bai gane ba fa?”

“Sai in sa shi lakwal ya zama mushe.”

Motar duka ta ɗauka da dariya, don mushe a wurinmu malamin lakwal ne, wato irina. Na yi ƙoƙarin in bayyana masa cewa wannan hanya tana iya ɓata amana tsakanin uba da ɗa, amma mun iso Cadawa inda hanyar Mayahi ta rabu, ya sauka da kanwarsa. Dije ta bi shi da kallo, sa'an nan ta dubi ƙuguna daidai inda aka yi ɗinkin. Ban ji daɗin kallon ba.

Kafin Tasawa akwai shingen jandarma. Aka sauke mu. Na miƙa takarduna duka a jere. Jandarman ya auna nauyinsu a hannu bai buɗe ba.

“Ina za ka, Mushe?”

“Korgom, ranka ya daɗe. Za mu sayar da akuya.”

“Ina akuyar?”

“Tana can.”

“Taka ce?”

“A'a, ta wannan ce.”

Ya dubi Dije, ta dube shi. “To kai mene ne aikinka a ciki?”

Na yi tunani sosai, don ba na so in faɗa wa hukuma abin da ba daidai ba. Na ce, “Rakiya.”

Ya maido mani takarduna kamar mai jin tausayi.

Motar Korgom ba ta tashi sai wanshekare, sai muka sauka gidan wani malami da muka yi karatu tare. An karɓe mu da kyau. Tuwon da aka kawo na jar dawar nan ne da ake rabawa, wadda aka ce daga ƙetare take zuwa. Ba na so in kushe abin da aka ba ni, amma ina zaton a can ƙasarsu ba mutane aka noma wa ita ba. Dije ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi. Matar gidan ta ce, “Ci, ɗiyata, inda za ki wannan abincin salla ne.” Na ɗauka wasa take yi.

A bakin garin akwai mutanen da suka gangaro daga arewa, sun kafa ƴan bukkoki na tsumma. Wasu makiyaya ne da ba su da sauran abin kiwo, amma har yanzu sandunansu na kafaɗa. Dije ta tambaye ni ina shanunsu. Na ce mata ta bari sai mun koma gida in yi mata bayani. Har yau ban yi ba.

Daga Tasawa zuwa Korgom ba kwalta. Motar ta kafe cikin rairayi ban san sau nawa ba, kuma duk lokacin da ta kafe maza ke sauka su tura. Nan na gane cewa kuɗin mota a wannan hanya na wurin ajiye jaka ne kawai. A Korgom muka tarar da Habu, ƙanen Mariyama, yana jiranmu da amalanken jaki. Tsakanina da shi akwai wasa, kuma shi kaɗai ke morarsa.

“Mushe! Ka zo da takalmin ofis? Madalla, jakin nan dama ya gaji, sai ku yi karɓa-karɓa.”

A hanya ya nuna mani wata kalgo a gefen gona, ya ce daga nan Najeriya ce. Na tambaye shi ina alamar. Ya ce ga kalgo nan. Jakin ya ratse ya yi fitsari a wancan gefe. Na ce a ja shi mu tafi, don ba ni da izinin fita ƙasa. Habu ya ce jakin ma ba shi da shi, kuma kullum nan yake yi.

A garinsu suruki ba ya kwana gidan surukarsa, ba ya ci a gabanta, ba ya haɗa ido da ita. Mu a birni mun ɗan sassauta, su ba su ji labari ba. Aka sauke ni a zauren Habu. Da la'asar na je gaisuwa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa bayan zana, na yi gaisuwata ga zanar. Daga ciki Inna ta amsa a taƙaice, ta juya ga jikarta. Nan kuwa ba kunya ko ƙwaya.

“Ke ce wannan? Ƴar birni, kin yi tsawo ba auki. Abincin mushe ne bai karɓe ki ba?”

“Ke fa, Kaka? Kin zama kamar muciya.”

“Muciyar nan ta tuƙa tuwon da uwarki ta girma da shi. Zo ki gaida Madam.”

Madam ita ce akuyar. Inna ce ta raɗa mata, wai tunda mai ita ƴar birni ce. Na leƙa ta ƙofar zana. Jar akuya ce mai kyau irin ta ƙasar nan, gashinta yana sheƙi. Ban ga mahaluƙin da ya kai ta jiki a duk garin ba. Inna kuwa, abin da na hanga kafin in sunkuyar da kai, zanenta ya zagaye ta ya yi saura. Rufin ɗakin girkinta ya yi gibi, an zare ciyawar an ba Madam. Habu ya ce kullum da sassafe tsohuwar ke fita tsintar ƴaƴan gawo, ɗan hatsin da yake kai mata kuma sai ta raba da akuya.

“A gidan nan mutum ɗaya ke ci sau biyu,” in ji shi, “ga ta can a turke. Na sauran jikoki wasu sun mutu, wasu masu su sun zo sun sayar. Wannan ce ta rage. Na ce ta bari in kai kasuwa, ta ce in na taɓa igiyar ba ni ba ita.”

Na tambaye shi to ita me take ci. Ya ce anza. Ƴaƴan wani ɗan icce ne na daji, masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. A gidan Habu ma shi aka kawo mana, an haɗa da ɗan garin rogo saboda baƙo. Na ci. Ba zan ce komai a kansa ba.

Ranar kasuwa, kafin mu fita, Inna ta ɗaga murya yadda zan ji daga bayan zana.

“Dije, ki gaya wa ubanki, in an shiga wurin awaki ya sa bakinsa cikin aljihu. Cinikinki ne. In kin sallama kuɗin naki ne, ko uwarki ba ta da iko da su. In an cuce ki ke aka cuta.”

Dije ta leƙo. “Baba, wai ka sa bakinka...”

Na ce na ji.

Kasuwar tana wani gari kusa, ana cin sefa ana cin naira, ba wanda ya damu da wace ƙasa yake tsaye. Wurin dabbobi ya cika, masu sayarwa sun fi masu saye nesa. Na ga saniya kwance mai ita yana roƙon a ba shi ko kuɗin fatarta. Dije ta shiga da igiya a hannu, Madam na biye kamar matar kumandan. Wani dillali mai suna Tanko, gajere mai jan rawani, ya tare ta.

“Ta wa ce?”

“Tawa.”

“A, cikin jikokin tsohuwar nan ce. To, Hajiya, tsaya nan.”

Wani mahauci ya zo ya matsa bayan akuyar, ya ɗaga ta ya ajiye, ya taya abin da bai kai jika ɗaya ba. Jika a wurinmu sefa dubu ce, na faɗa saboda masu karatu daga ƙetaren kalgo.

Dije ta ce, “Albarka.”

Mahaucin ya ƙara kaɗan. Ta ce albarka. Ya ce, “Yarinya, dubi kasuwa. Gobe ko kyauta ba mai karɓa.” Ya zaro wuƙarsa yana goge ta a hannun riga, ba don komai ba ina jin, sabo ne. Dije ta ga wuƙar. Ta naɗe igiyar a hannunta sau biyu. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Tanko ya ce, “Jika ɗaya da rabi, Hajiya, wallahi yau ba a taya akuya haka ba. Mi kika ce?”

Ina so a fahimce ni a nan. Ban yi niyyar sa baki ba. Da Habu nake magana, kuma a zatona a hankali na yi. Amma shekara da shekaru ina magana da aji mai ɗalibai da yawa, muryata ba ta san a hankali ba. Na tuna abin da na gani ana sayar da irinta kafin fari, sai na ji na ce:

“Haba, wannan zalunci ne! Akuya irin wannan ai ta kai jika bakwai.”

Kafin in rufe baki Tanko ya cafke hannuna ya ɗaga sama.

“Mushe ya taya jika bakwai! Jama'a kun ji! Mahauci, kana ƙari?”

Mahaucin ya mai da wuƙarsa. “Ni? Allah ya ba shi lafiya.”

Na ce, “A'a, tsaya, ba tayi na yi ba, ra'ayi na faɗa...”

“A gaban dillali ka faɗi kuɗi a kan dabba, ka ce ra'ayi? Nan ba lakwal ba ce. Mai akuya, mi kika ce?”

Ashe a wurin nan duk wanda ya buɗe baki ya faɗi kuɗi sama da wanda aka taya, ya taya ke nan. Kowane yaro a garin ya san haka. Shi ya sa masu kallo suke tsaye bakinsu a rufe, ni na ɗauka baƙin ciki ne. Na dubi Dije, ina yi mata alama da ido ta ce albarka mu warware maganar a gida. Ta dubi mahaucin. Ta dubi Madam. Ta dubi ƙuguna.

“Na sallama.”

Na ce wa Tanko ɗiyata ce fa. Ya ce shi bai ga ɗiya ba, mai sayarwa ya gani da mai saye. Mutane sun taru. Babban mutum, ma'aikacin gwamnati, ya taya akuyar yarinya a bainar jama'a sa'an nan ya janye, ban ga yadda za a yi ba. Na koma bayan wata rumfa na farke ɗinkin wandona da haƙori. Na biya. Tanko ya karɓi la'adarsa a wurin mai sayarwa, ya juyo ya karɓa a wurin mai saye, wato duka a wurina. Ya damƙa mani igiya ya ce Allah ya sa albarka, in na ƙara samun irin wannan ra'ayi in neme shi. Habu kuwa yana zaune a ƙasa yana riƙe da ciki.

Da na dawo hayyacina na ja Dije gefe. Na ce mata tunda abin ya zo haka, dama ce ta koyon tattali. Ta ba ni in riƙe mata, mu kai gidan waya, bayan shekara su ƙaru. Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ta ce Kaka ta ce nata ne.

Abin da ta fara saye, ba zan ɓoye ba, alewa ce. Sai ƴan kunne na roba masu launin kore, waɗanda ɗaya ya karye kafin mu bar kasuwa. Sai ƙosai, ta ci ta ba Habu, ni ta ce mai akuya yana da hali. Ina tsaye ina ganin kuɗin suna tafiya. Na buɗe baki, Habu ya nuna mani aljihuna.

Daga nan ta nufi wurin masu awo. Ta tambayi tiya nawa, ta ji, ta ce kai! Ta zagaya wurin na biyu da na uku, ta dawo wurin na farko ta ce ya cika mata awo ya daina girgiza hannu. Ta juye duk abin da ya rage. Hatsin bai kai rabin buhu ba.

A amalanke na tambaye ta me za ta yi da shi.

“Baba, ka ɗanɗana abin da Kaka ke jiƙawa a tukunya? Ko kinin bai kai shi ɗaci ba. Kuma in ta ci sai ta ce mani daɗi ne da shi.”

Na ce mata Inna ba za ta karɓa ba, ta san inda kuɗin suka fito. Ta ce in bar ta da tsohuwarta.

Na ɗaure Madam a bayan zana na durƙusa kusa da ita, mu biyu muna saurare.

“Wannan fa?” in ji Inna.

“Hatsina ne.”

“To ɗauki abinki ki kai birni. Na ji abin da ya faru, labari ya riga ku. Na san hannun da kuɗin nan suka fito.”

“Kuɗin akuyata ne. Ke kika ce in na sallama nawa ne.”

“Wa ya saya?”

“Wani mushe.”

“Lafiyarshi ƙalau?”

“Ban tambaye shi ba. Kiwo na kawo miki, Kaka.”

“Kiwo! Yau na ji. Hatsi ake kiwo a garinku?”

“Ke kika ce kada kuɗi su kwana. Akuya kuma ba ciyawa. Ki riƙe mani wannan.”

“Mai kiwo nono yake sha. Ina nonon wannan?”

“Ba shi da shi. Sai ki ci shi haka nan. Ki rage kaɗan, in ruwa ya sauka ki shuka. Abin da ya haifa nawa ne.”

“In ruwan bai zo ba, ya mutu cikin ƙasa?”

“Awakin sauran jikokinki da suka mutu, ke kika biya?”

Ni har na fara shirya abin da zan ce wa Mariyama. Madam ta soma cin bakin rigata ban hana ta ba.

“Ji ɗiyar nan,” in ji Inna. “Na rene ki da kaza kin dawo kina ɗaukata aiki. To ki sani ni ba na kiwon ƙeta. Abin da ya haifa rabi nawa ne.”

“Kashi ɗaya cikin uku.”

“Rabi, mai bakin tsiya! Ƙafar wa za ta yi shukar?”

“To rabi.”

“Habu! Ka tsaya nan kana washe baki? Ce wa matarka ta zo da taɓarya.”

Da maraicen nan an kawo mani tuwon hatsi a zaure. Na tambayi Dije ko Inna ta ci. Ta ce ta ci, har ta suɗe ƙwarya, tana ci tana zagin mai saye.

Dawowa ba sai na ja ba. Madam ta hau bisa mota tana kuka tun daga Korgom. A shingen nan muka tarar da jandarman ranar.

“Mushe mai rakiya! An sayar?”

“An sayar, ranka ya daɗe.”

“To wannan ta sama fa?”

“Ita ce.”

“Wa ya saya?”

Dije ta nuna ni da baki. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ɗaga shingen da kansa, bai ko tambayi takarda ba.

Da na ba Mariyama labari ta yi dariya har ta tada jinjiri. Na tambaye ta ko tana ganin shirya mani aka yi, tunda Inna ta san ba na iya jin kuskure a lissafi in yi shiru. Ta ce ita ba ta ce ba. Ni ma ban ce ba. Ina dai lura da cewa Tanko ya riga ya tsaya kusa da hannuna tun kafin in yi magana, amma wannan ba hujja ba ce.

Yanzu ina da akuya a gidan haya, ba ni da lokacin kiwonta. Dije ta ce za ta yi mani, a biya ta ƙarshen wata. Kuɗin da ta yanka sun fi ƙarfin kiwon akuya ɗaya, ko kiwon raƙumi ne. Ban nemi ragi ba. In ta karɓa sai ta cire na alewa, sauran ta ba direban nan ya kai wa Habu ya auno hatsi, a ƙara cikin garkenta da ke wurin Kaka. Ko abin da ta koya ke nan tattali ne, ko wani abu ne da ba ni da sunansa, ban sani ba. Ko zai kai tsohuwar har kaka, wannan ma sai abin da Allah ya yi da sama.

Jiya direban ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Ya ce ba nawa ba ne, na Dije ne. Inna ta ce a gaya wa mai garke dabbobinta suna raguwa safe da maraice, kuma ba kura ba ce. Ta ce wani zuwa a haɗo da daddawa, kiwon nan ba ya tafiya babu miya.